Tarihin Kalmomin Ƙetare: Daga *Cross* ta Ingilishi Zuwa *Gada* ta Hausa

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin aron kalmomi a Hausa sun fi mayar da hankali ga jera kalmomin da aka aro daga Larabci da Ingilishi, tare da nuna sauye-sauyen da suka same su ta fuskar tsarin sauti. Wannan aiki ne mai amfani ƙwarai, sai dai akwai tambaya guda da ba a cika yi ba, wato me ya sa harshe yakan ari wata kalma ya bar 'yar'uwarta, alhali duka biyun sun zo ne a bakin mutane ɗaya, kuma a zamani ɗaya?

Manufar wannan maƙala ita ce duba wannan tambaya ta hanyar bin diddigin kalmomin da suka shafi ƙetare. Za a fara da asali da ma'anonin kalmar Ingilishi ta *cross*, wadda ita ce uwar kalmomin ƙetare a wannan harshe. Daga nan za a nuna cewa Hausa ba ta buƙaci wannan kalma ba, domin tana da nata aikatau masu yawa. Abin da ta ara shi ne sunan wani ƙarfe da ake gini da shi, wato *girder*, ta mayar da shi *gada*. A ƙarshe za a kawo misali daga unguwar Abbaganaram da kewayenta a birnin Maiduguri, inda tsofaffi da sababbin kalmomin suke zaune kafaɗa da kafaɗa.

2.0 Asali da Ma'anonin Kalmar *Cross*

A farkon al'amari kalmar ba ta da wata alaƙa da tafiya ko ƙetare. Tushenta shi ne *crux* na harshen Latin, kuma ma'anarta a wurin Rumawa ita ce itacen da ake kafawa a ɗaure ko a rataye mai laifi a kai har ya mutu. Da addinin Kirista ya bazu a daular Rum, sai kalmar ta zama sunan alamar wannan addini, domin mabiyansa sun yi imani cewa a kan irin wannan itace aka gicciye Annabi Isa (AS).

Kalmar ba ta shiga Ingilishi kai tsaye daga Latin ba. Mutanen Ingila na dā suna da tasu kalmar ta *rood*, wadda asalinta sanda ko gungume take nufi, kuma da ita suke kiran alamar. Kiristanci ya kafu a tsibirin Ailan a ƙarni na 5, inda kalmar Latin ta koma *cros* a harshen mutanen wurin. Maharan teku na Sikandinabiya, waɗanda suka kafa sansani a Dublin a shekarar 841, su ne suka ɗauke ta a matsayin *kross*, suka tsallaka da ita zuwa Ingila. An fara ganinta a rubuce cikin sunayen wurare wajen ƙarshen ƙarni na 10, sannan sannu a hankali ta ture *rood* gefe.

Daga wannan lokaci ma'anarta ta riƙa faɗaɗa mataki-mataki kamar haka:

(1) a. Itacen azaba, sannan alamar addini.
b. Kowace siffa ta layi biyu da ɗaya ya gitta ɗaya.
c. Aikatau mai nufin yin wannan alama da hannu, tun wajen ƙarni na 13.
d. Aikatau mai nufin ratsa hanya ko kogi daga wannan gefe zuwa wancan, tsakanin ƙarni na 15 da na 16.
e. Tare wa mutum hanya ko saɓa masa, daga nan kuma sifa mai nufin mai fushi, a ƙarni na 17.

Idan aka lura, mataki na (b) shi ne mabuɗin sauran. Mutumin da ya ƙetare kogi ya zana layi a kan wani layi, wato tafiyarsa da kwanciyar kogin sun ba da siffar gicciye. Ta haka sunan itace ya zama aikatau na tafiya. Da aka shimfiɗa layin dogo a ƙarni na 19, sai suna ɗan aikatau *crossing* ya sami sabon aiki, ya zama sunan wurin da titi ya ratsa layin jirgi. A shekarar 1951 kuma aka fara amfani da zanen fari da baƙi na tsallaka titi a Ingila, aka jingina sunansa ga jakin dawa saboda kamannin zanen.

Abin lura a nan shi ne, kalmar ta yi tafiyar ɗaruruwan shekaru daga sunan abu kafin ta zama sunan aiki. Haka kuma ba ta taɓa rabuwa da ma'anarta ta addini ba. Wannan ne ya sa a yaƙin 1876 zuwa 1878 Daular Usmaniyya ta ƙi amfani da tambarin ƙungiyar agaji ta Red Cross, ta ɗauki jinjirin wata a madadinsa.

3.0 Kalmomin Ƙetare a Hausa Kafin Zuwan Turawa

Lokacin da Turawan Ingila suka ci ƙasar Hausa a shekarar 1903, sun tarar da harshe mai wadatar kalmomi a wannan fage. Inda Ingilishi ke amfani da aikatau guda, Hausa tana rarrabewa:

(2) a. ƙetare: wucewa daga wannan gefe zuwa wancan.
b. tsallake: ƙetarewa da ɗaga ƙafa ko da tsalle.
c. haye da haura: ƙetarewa mai haɗe da hawa.
d. ratsa: bi ta tsakiyar abu.
e. gitta da gilma: wucewa ta gaban mutum.
f. gicciye: kwanciya ko ajiye abu a karkace a kan wani.

Waɗannan kalmomi sun riga sun yi rassa a cikin harshen. Daga *ƙetare* aka sami ƙasashen ƙetare. Daga *haye* aka sami *hayi*, wato ɗaya gefen kogi ko kwari, kamar yadda ake gani a Hayin Banki da Hayin Rigasa a Kaduna, da Hayin Dogo a Samarun Zariya. Wanda ya kuɓuta daga haɗari akan ce ya tsallake rijiya da baya. Ko alamar Kiristoci ma ba a ari sunanta daga Ingilishi ba, *gicciye* aka kira ta. Har ila yau, wurin da hanyoyi suka haɗu, wanda Bature ke kallo a matsayin gittawar layi biyu, Bahaushe yana kallonsa ne a matsayin rabuwa, ya ce *mararraba*, ko kuma haɗuwa, ya ce *mahaɗa* ko *magama*.

Ta fuskar ƙetare ruwa kuwa, akwai hanyoyi uku, kowace da sunanta. Ta farko ita ce *mashigi*, wato wurin da ruwa bai yi zurfi ba, inda mutane da dabbobi ke bi da ƙafa. Ta biyu ita ce *kadarko*, wanda ake yi da gumagumai da rassa da ƙasa a kan rafi, kuma sau da yawa ruwan damina kan tafi da shi a sake wani. Wannan kalma ta zama sunan gari, alal misali Kadarko da ke Jihar Nasarawa. Ta uku ita ce *fito*, wato ɗaukar mutane da kaya a jirgi ko a kan gora zuwa ɗaya gaɓar, a biya masu jirgin kuɗin fito.

Fito sana'a ce babba a zamanin fatauci. Ayarin da ke zuwa Gwanja sayen goro dole ya ƙetare Kwara, kuma sarakunan bakin kogi suna da rabo a cikin abin da ake karɓa. Sarkawa a ƙasashen Kabi da Yawuri, da Kede a ƙasar Nufe, sun shahara da wannan aiki. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ta garin Sayi ya ƙetare Kwara a jirgin fito a shekarar 1853. Da yake abin da fatake ke biya a bakin kogi ya haɗa ladan jirgi da harajin sarki, sai kalmar ta ɗauki ma'ana biyu. Wannan ne dalilin da ya sa har yau harajin da jami'an kwastan ke karɓa a kan kayan da aka shigo da su ake kiransa kuɗin fito, ko da kuwa a jirgin sama kayan suka zo.

Saboda wannan wadata, *cross* ba ta sami gurbi a Hausa ba, sai a 'yan wurare ƙalilan. Ana jinta a sunan Jihar Kuros Riba, wadda aka raɗa wa wannan suna a 1976, da kuma a bakin 'yan ƙwallon ƙafa. Ba a taɓa jin Bahaushe ya yi amfani da ita wajen ƙetare kogi ba.

4.0 Shigowar Kalmar *Gada*

4.1 Asalinta a Ingilishi

Masu ƙamus na Hausa sun daɗe da nuna cewa *gada* ta samo asali ne daga *girder*. Ita wannan kalma ta fito ne daga tsohon aikatau na Ingilishi *gird*, mai nufin ɗaura ɗamara ko kewaye abu a ɗaure shi. A farkon ƙarni na 17 aka fara amfani da ita a matsayin sunan babban gungumen da ke ɗauke da sauran itatuwan daɓen bene, wato wanda ya ɗaure ginin wuri ɗaya. Da masana'antun ƙarfe suka bunƙasa a ƙarni na 19, sai sunan ya koma kan dogayen ƙarafan da ake shimfiɗawa a kan ginshiƙai don jirgin ƙasa ya bi. A Ingilishi har yau kalmar ba ta nufin abin da ake ƙetare kogi a kai gaba ɗaya, sunan sashe ɗaya ne kawai daga cikinsa. Sunan abin gaba ɗaya shi ne *bridge*.

4.2 Hanyar da ta Biyo

Da a ce ta makaranta kalmar ta shigo, kamar makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nassarawar Kano a 1909, da *bridge* malami zai koyar, kuma da abin da muke faɗa yau shi ne *biriji*, kamar yadda muke cewa *firiji*. Rashin wannan siga a daidaitacciyar Hausa shaida ce cewa an ari kalmar ne da kunne a wurin aiki, a bakin injiniyoyi masu ba lebura umarni a ɗauko ƙarfe a ɗora.

Tarihi ya goyi bayan wannan. Gwamna Lugga ya sa an kafa wata 'yar gadar ƙarfe a Zungeru a 1904, wadda daga baya aka ɗauke ta zuwa Kaduna. Magajinsa Percy Girouard, wanda ya riƙi Arewa daga 1907 zuwa 1909, injiniyan layin dogo ne da ya taɓa irin wannan aiki a Sudan. A zamaninsa aka fara shimfiɗa layi daga Baro a 1907, mai tsawon kimanin mil 350, ya isa Kano a 1911. Dubban lebura da aka ɗebo ta hannun sarakuna ne suka yi aikin, kuma kowane kogi da layin ya ratsa sai an ɗora masa ƙarafa. A Jebba, jirgin fito ne ke ƙetarar da taragai har zuwa 1916 da aka kammala gadar Kwara. A Makurɗi ma haka aka yi ta yi a kan Binuwai har 1932.

Kalmar ba ita kaɗai ta fito daga wannan fage ba. Ga wasu 'yan'uwanta:

(3) lebura, kafinta, birkila, shebur, diga, siminti, kankare, kwalbati, reluwe, tasha.

Duk waɗannan sunaye ne na ma'aikata da kayan aiki da gine-gine, babu aikatau ko ɗaya a cikinsu. Ya kamata kuma a tuna cewa layin da ya taso daga Legas ya isa Ibadan tun 1901, kuma ƙwararrun ma'aikata da yawa daga kudu suka zo. Yarbanci ma yana da *gada* da wannan ma'ana, kamar yadda yake da *titi* wadda Hausa ta karɓa ta hannunsa. Ko kai tsaye daga Bature aka ji kalmar, ko ta bakin ma'aikacin kudu, mafarinta dai ɗaya ne, wato filin aikin layin dogo.

Akwai tambaya a nan. Bahaushe ya ga jirgin ƙasa bai ari sunansa ba, sai ya faɗaɗa tsohuwar kalmarsa ta *jirgi*. To me ya hana a yi wa *kadarko* haka? Amsa ita ce, jirgin ƙasa da na ruwa aikinsu ɗaya, ɗaukar mutane da kaya, don haka suna ɗaya ya ishe su. Kadarko kuwa abu ne na ɗan lokaci da mutanen gari ke yi da hannunsu, ita kuma sabuwar aba ta ƙarfe ce, ta hukuma ce, kuma damina ba ta ɗauke ta. Bambancin da ya fi jan ido shi ne ƙarfen, saboda haka sunan ƙarfen ne ya zama sunan ginin duka. Kadarko bai mutu ba, sai dai ma'anarsa ta tsuke, ya zama ƙaramar maƙetara ta wucin gadi.

4.3 Yadda ta Hausance

Ta fuskar sauti, Ingilishin Ingila ba ya furta /r/ a ƙarshen gaɓa, kuma wannan ne ya ba da wasalin /a/ na ƙarshe, kamar a *mota* da *direba* da *lauya* da *masinja*. Wasalin gaɓar farko, wanda babu irinsa a Hausa, shi ma ya koma /a/, kamar yadda ya faru a *nas* da *safiyo*. Karin sautinta sama-ƙasa ne, daidai da inda Bature ke ƙarfafa murya, kuma shi ne ya bambanta ta da *gada* dabbar daji, mai karin ƙasa-sama.

Ta fuskar ƙirar kalma, ƙarewa da /a/ ta sa ta zama tamata, ana cewa gadar nan ta karye. Jam'inta *gadoji* ya bi tsarin maimaita baƙin ƙarshe, tare da ganɗantawar /d/ zuwa /j/ a gaban wasalin /i/. Ta fuskar ma'ana kuwa, ta haifi gadar sama da gadar ƙasa, a kan ƙirar jirgin sama da jirgin ƙasa. Ta shiga sunayen wurare irin su Gada Biyu a Jos da Gadar Tamburawa a kan hanyar Kano zuwa Zariya. Babbar shaidar zamanta 'yar gida ita ce shigarta salon magana. Idan aka ce an shirya wa mutum gadar zare, ana nufin an ƙulla masa makirci, an nuna masa hanya mai kama da tsira wadda ba za ta ɗauke shi ba. Babu irin wannan magana a Ingilishi game da *girder*, ƙirƙirar Hausawa ce tsantsa.

5.0 Misali Daga Abbaganaram

Maiduguri sa'ar layin Baro ce, domin a 1907 ne Shehu Abubakar Garbai ya baro Kukawa ya zauna a Yerwa, a gefen kogin Ngadda. Amma layin dogo bai isa birnin ba sai 1964, bayan an ja shi daga Kuru ta Bauchi da Gombe, wato fiye da shekara 50 bayan isarsa Kano. Kafin wannan lokaci *gada* ta riga ta shiga ƙamusoshin Hausa. Ke nan ba a matsayin baƙuwar kalmar Turanci ta zauna a Borno ba, ta zo ne a cikin Hausar fatake da direbobi da ma'aikata, wadda a hankali ta zama harshen kasuwa da titi a birnin da asalinsa na Kanuri ne.

Abbaganaram na cikin unguwannin tsohon gari, kuma sunanta na Kanuri ne, an ɗafa *-ram* a ƙeyar sunan Abba Gana. Wanda ya tsaya a wannan yanki zai ga dukkan matakan da aka bayyana a sama. Kusa da ita akwai unguwar Kwastam, wadda ta sami sunanta daga ma'aikatar da ke karɓar kuɗin fito, kuma daga nan ne hanya ta miƙa zuwa Dikwa da Gamboru Ngala a kan iyakar Kamaru. A shataletalen Kwastam ɗin ne aka buɗe gadar sama ta farko a Jihar Borno a watan Disamba na 2021. Kogin Ngadda kuma ya raba birnin, mutane na ƙetare shi ta Gadar Gwange da Gadar Legas da sauransu. Sunan unguwa na Kanuri, sunan ma'aikata na Ingilishi, sunan haraji na tsohuwar Hausa, sunan maƙetara kuma Ingilishi ne da ya rikiɗe ya zama Hausa.

Madatsar ruwa ta Alau, wadda aka kammala a 1986 a kan wannan kogi kimanin kilomita 20 daga birnin, ta yi ambaliya a 1994, sannan ta ɓalle a watan Satumba na 2024. A ranar 10 ga watan ruwa ya mamaye babban sashe na birnin, har da Abbaganaram da Gwange da Kasuwar Monday da fadar Shehu, ya shafe gadoji, ya raba gari biyu. A waɗannan kwanaki da kwale-kwale aka riƙa kwashe mutane daga wannan gefe zuwa wancan. Ma'ana, aikin fito ya dawo tsakiyar birni na ɗan lokaci, a zamanin da matasa da yawa ba su san kalmar ba sai a ma'anarta ta haraji. Wannan ya nuna cewa tsohuwar kalma ba ta rasa amfani don kawai an gina abin da ya rufe ta.

6.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa *cross* da *girder* duk sun faro ne a matsayin sunan itace, kuma duk sun ƙare a fagen ƙetare, ɗaya a cikin Ingilishi bayan ƙarnoni, ɗaya a cikin Hausa a 'yan shekarun shimfiɗa layin dogo. Hausa ta bar ta farko domin aikin ƙetare ba baƙo ba ne gare ta, ta ɗauki ta biyu domin ƙarfen baƙo ne. Saboda haka bayanin aro ba ya cika idan an tsaya ga sauti kaɗai, sai an haɗa da tarihin abin da kalmar ke nufi da mutanen da suka fara furta ta.

Akwai darasi biyu ga masu aikin ƙamus da ƙirƙirar kalmomin fannu. Na farko, ra'ayin tsarkake harshe ta hanyar korar kalmomin aro ba zai yi amfani a nan ba, domin maye gurbin *gada* da *kadarko* zai rushe bambancin da masu harshen da kansu suka gina. Na biyu, barin *kadarko* da *mashigi* da asalin ma'anar *fito* su faɗi daga littattafan makaranta asara ce, domin a cikinsu tarihin fatauci da sarautun ruwa yake. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006 ya share fage. Abin da ya rage shi ne ƙamus na tarihi, wanda zai nuna lokacin da aka fara ganin kowace kalma da kowace ma'ana a rubuce. Kayan aikin suna nan: ƙamusoshin Schön na 1876 da Mischlich na 1906 da Bargery na 1934 da Abraham na 1949, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939, da rubuce-rubucen ajami, da takardun Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. Sauran shaidar tana bakin tsofaffin masunta da masu fito da ma'aikatan reluwe, kuma ya kamata sassan nazarin harsuna na jami'o'inmu su tura ɗalibai a naɗo ta tun masu ita suna raye.